Littafin ya tafi da hankalina, amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Adda. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a cikin garin Gombe, shekaruna 28, aurenmu shekara 7, 'ya'yanmu biyu, ƙaramin ban yaye shi ba tukuna. Maigidana ɗan kasuwa ne, in ya fita da safe sai bayan isha'i. Ba ya zagina, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai rage ni da ci da sha ba, sai dai mutum ne marar yawan magana. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ce ta saka ni a wani zauren karanta littattafai na WhatsApp. Shafukan farko kyauta ne, daga baya na tura naira 1,000 aka saka ni inda ake ci gaba. Labarin wata marainiya ne da aka yi wa auren dole da wani attajiri mai zafin rai. Wallahi na yi kuka saboda yarinyar nan, marubuciyar ta iya tsara zance. Amma da aka kai tsakiya sai aka shiga bayanin shimfiɗa filla-filla, babu sakayawa. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya motsa ni, har na gane akwai abubuwan da ban taɓa sani ba duk tsawon zaman aurena. In na ajiye wayar kuma sai in ji na tsani kaina, in kasa ɗaga hannu in yi addu'a. Akwai wurin da mijin ya afka mata da ƙarfi tana kuka tana roƙonsa, har sai da aka kai ta asibiti, amma matan zauren sai yabonsa suke, wai namijin duniya. Ni raina ya ɓaci, kuma duk da haka ban daina karantawa ba. Yanzu na fara ganin maigidana kamar bai iya komai ba, ina jin haushinsa ba laifin tsaye ba na zaune. Ga ƙanwata 'yar shekara 15 da ke zaune a wurina, tana yawan ɗaukar wayata. Adda, lalacewa na yi? In ƙarasa littafin ko in bari? In gaya wa maigida?

Wata baiwar Allah, Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki lalace ba. Na fara da wannan ne don ki sauke numfashi ki karanta sauran a natse, domin akwai maganar da za ta yi miki daɗi a ciki, akwai kuma wadda za ta ɗan yi miki nauyi.

Abin da jikinki ya ji, jikin kowace mace mai lafiya zai iya jin sa. Allah ya halicce mu da sha'awa kamar yadda ya halicci maza da ita, mu ne dai aka tarbiyyantar a kan cewa faɗin hakan rashin kunya ne. Ummu Sulaim, Allah ya yarda da ita, ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaye shi ko akwai wanka a kan mace idan ta yi mafarki, ya ba ta amsa bai kore ta ba. Nana A'isha kuma ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Saboda haka tambayar da kika kawo ba baƙuwa ba ce a musulunci, kuma motsin da kika ji ba shi ne laifin ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko suka furta.

Amma ba zan yi miki daɗin baki ba. Abin da ya faɗo wa mutum a rai ba da nufinsa ba daban yake da abin da ya tura kuɗi ya saya, yake kuma komawa gare shi kowane dare yana sane da abin da zai tarar. Wannan ƙaiƙayin da kike ji a zuciya, wanda ya sa ba ki son kowa ya leƙa wayarki, shi ne kusan yadda Manzon Allah (SAW) ya siffanta wa Nawwas bin Sam'an zunubi: abin da ya yi maka kai-kawo a rai, kuma ka ƙi jinin mutane su gani. Ki saurari wannan ƙaiƙayin, alama ce ta zuciya mai rai. Inda nake so ki yi hattara shi ne maganar da kika yi cewa kin kasa ɗaga hannu ki yi addu'a. Wannan ya fi karatun littafin tayar mini da hankali. Wanda ya yi kuskure istigfari ake so ya yi, ba guje wa Ubangijinsa ba, kuma aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ki yi alwala yau ɗin nan, ki yi sallarki, ki roƙi gafara, ki roƙi Allah ya gyara tsakaninki da mijinki, har da abin da kike jin nauyin ambata. Ya san da shi tun kafin ki faɗa.

Kukan da kika yi wa marainiyar ma gaskiya ne, kar ki ji kunyarsa. Littattafan soyayya na Hausa sun bunƙasa ne daga Kano tun a shekarun 1980, kuma mata ne suka fi rubuta su, su ne suka fi karanta su. A cikinsu aka fara fitowa fili ana maganar auren dole, da azabar kishi, da sakin wulaƙanci, da cire yarinya daga makaranta, a lokacin da ba a cika jin waɗannan a rediyo ko a kan mumbari ba. Mata da yawa a ƙasar nan da su suka ƙware a karatun boko na Hausa. Tun wancan lokacin ake ta ja-in-ja a kansu: Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a. Sai dai littafin wancan zamani sai ya bi ta hannun maɗaba'a da ɗan kasuwa kafin ya iso hannun mai karatu, da sunan marubuciya a bango, wani lokaci har da hotonta, danginta da surukanta duk za su gani. Yanzu kuwa daga wayarta yake fitowa ya faɗa wayarki, da sunan aro, shafi-shafi, a WhatsApp ko Telegram ko Wattpad. A ba ki farkon kyauta har sai kin shaƙu da jarumar, sannan a rufe ƙofa a ce sai kin biya. Marubuciyar da ke neman abin sa wa a tukunya ta wannan hanya tana gogayya da ɗaruruwa irinta, kuma ta ga abin da ke sa kuɗi shigowa da sauri. Ba ina wanke ta ba ne, domin baiwar da Allah ya ba ta amana ce kuma za a tambaye ta. Ina so ne ki gane cewa kasa ajiye littafin da kika yi ba raunin imaninki kaɗai ba ne. An gina shi ne don kar a iya ajiye shi, kowane shafi yana ƙarewa a inda zai hana ki barci.

Wurin da ranki ya ɓaci kuwa, nan ne kika fi duk matan zauren nan gaskiya, kuma ina so ki riƙe wannan ɓacin ran da kyau. Namijin da zai afka wa mace tana kuka tana roƙonsa, har ya ji mata raunin da sai an kai ta asibiti, cutar da ita ya yi, ko da sadakinsa ne a kanta. Raunin da ke kai mace ga ɗinki a daren farko ba shaidar mazantaka ba ne, ba kuma shaidar budurci ba ne. Rauni ne kawai, wanda gaggawa da tsoro da rashin tausayi ke jawowa, kuma yakan bar wa mace fargabar shimfiɗa na tsawon shekaru. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 19, a zauna da mata da kyautatawa. A Suratur Rum, aya ta 21, ya ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a matsayin abin da ya sanya tsakanin ma'aurata. Ina jinƙai a kukan da ba a saurara ba? Abin da ke ƙona mini rai da irin wannan rubutu shi ne yadda yake maimaita salo guda: ya wulaƙanta ta, ya ji mata ciwo, sannan ya zo da mota da gwala-gwalai da kalamai masu taushi, ita kuma ta narke, a ce mana wannan ita ce soyayya. Budurwar da ta karanta haka za ta shiga ɗakin miji tana rawar jiki, ko kuma ta ɗauka duk azabar da aka gana mata haka aure yake. Saurayin da ya karanta zai ɗauka hawayen amarya abin alfahari ne. Akwai kuma matan da ke zaune cikin wannan hali a gidajensu yanzu haka, su karanta su ga ana tafa wa mai irin halin mijinsu, sai su ƙara yin shiru.

Kar kuma ki ce tunda kin ci gaba da karantawa, ai ke ma kina son hakan a ɓoye. Jiki yakan amsa abin da hankali ya ƙi, kuma son ganin ƙarshen labari daban yake da yarda da abin da ke cikinsa.

Yanzu mu zo kan maigida, domin a ganina nan ne ainihin wasiƙarki take. Kin haɗa shi gasa da mutumin da babu shi. Jarumin littafi ba ya wuni a tsaye a kasuwa cikin zafin Gombe, ba ya lissafin kuɗin makaranta da na haya da na mai, ba ya dawowa gida ƙafafunsa na zogi. Mace ce ta zauna ta ƙera shi da kalmomi, ta sa masa a baki duk abin da ta san mace na son ji. Babu namijin da zai ci wannan gasa, har da wanda ya fi kowa iya soyayya. Ki kuma tuna yadda ake shirya mazanmu wa aure. Ke aƙalla an zaunar da ke, an yi miki gyaran jiki, goggonni sun yi miki nasiha, ko da yawancinta haƙuri ne da yi-na-yi bari-na-bari. Shi wa ya zaunar da shi? Abin da ya sani daga hirar majalisa ya tsinto, da cika bakin abokai, da masu tallar maganin maza da lasifika a bakin kasuwa. Mai yiwuwa ne mutumin nan yana ganin komai lafiya lau, tunda shekara bakwai ba ki taɓa cewa uffan ba. Mai yiwuwa ne kuma shi ma yana da abin da yake son faɗa, kunya da tsoron raini suka ɗaure masa baki.

Duk da haka ba zan ce miki ki haƙura ki danne ba. Ƙishirwar da kika gano a ranki ba littafin ne ya ƙirƙire ta ba, ya tarar da ita ne ya tone. Mace ta yi shekara bakwai da aure ta ce akwai jin daɗin da ba ta san da shi ba, wannan giɓi ne na gaske, kuma haƙƙinki ne a cike shi. Aya ta 228 a Suratul Baƙara ta ce mata suna da haƙƙi kwatankwacin wanda ke kansu bisa kyautatawa, har an ruwaito Abdullahi bin Abbas yana cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa, saboda wannan ayar. A hadisin Abu Zarr da ke cikin Muslim an kira kusantar iyali sadaka. Abin da kike nema halal ne, yana kuma cikin gidanki. Matsalar littafin ita ce ba zai iya ba ki shi ba. Kamar mai azumi ne da ke zagaya teburin mai tsire, ƙamshin ba zai ƙosar da shi ba, yunwar zai ƙara masa. Shi ya sa kike tashi daga karatun da jin haushin bawan Allah da bai san ma ana yi ba.

Akwai abubuwan da ya kamata a ce an gaya muku tun kafin a ɗaura aure, ke da shi. Yawancin mata jikinsu ya fi na maza jinkirin shiryawa, suna buƙatar hira da wasa da kwanciyar hankali kafin komai, kuma da yawa ba sa kaiwa ga gamsuwa ta hanyar saduwa kaɗai in babu wannan share fage. Wannan halitta ce, ba cuta ba ce, ba kuma gazawar kowa ba. Kin ce kina shayarwa. A lokacin shayarwa sinadarin jikin mace da ke kawo ni'ima yakan ragu, sai a samu bushewa, wani lokaci har da zafi, ga gajiya da rashin barci. Yakan daidaita bayan yaye, kuma kafin nan akwai man da ake sayarwa a kantin magani don wannan. Ta ɓangaren maza, saurin kawowa abu ne da ya yawaita kuma ana maganinsa, sannan ciwon suga da wasu magungunan hawan jini suna iya rage wa namiji kuzari. In akwai zafi, ko ƙaiƙayi, ko fitar ruwa mai wari, ko wani abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki je sashen mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko asibitin ƙwararru na jiha, ki nemi ganin likita mace in hakan zai fi sakar miki baki. Ina roƙonki kar ki bi tallar kayan mata da ake cusawa a tsakiyar shafukan irin waɗannan littattafai. Mai rubutun da mai tallar sau da yawa kasuwarsu ɗaya: a tayar miki da hankali a sama, a miƙo miki lambar asusu a ƙasa. Abin da ba ki san da me aka haɗa shi ba, babu lambar NAFDAC a jikinsa, kar ki sha, balle ki yi matsi da shi, domin yana iya ƙona fata ko ya jawo miki ciwon sanyin da ba ki da shi.

Maganar da za ki yi da maigida kuwa, kar ki fara ta daga shimfiɗa. Mutumin da ba ku saba hira da shi da rana ba, da wuya ku iya wannan zance da dare. Ki fara da dawo da hira. Ki kwantar da yara da wuri, ƙanwarki ta shige ɗakinta, ki jira shi ku ci abinci tare ko da kin riga kin taɓa wani abu. Ki tambaye shi kasuwa, ki saurari amsar da gaske. Maza marasa magana sukan fi sakewa a rubuce, don haka saƙo ɗaya da rana, ko da "Allah ya ba da kasuwa, gidan ba daɗi in ba ka nan" ne, yana buɗe ƙofar da ba ki zata ba. In an ɗan kwana biyu a haka kin ga ya saki jiki, ki zaɓi daren da ba a gajiye yake ba, ba kuma bayan an gama ba, domin a lokacin duk abin da kika faɗa zai ji shi kamar sakamakon jarrabawa. Ki yi maganar da sunan kanki, ki fara da abin da yake yi da kike so. Misali ki ce, "Abban yara, ina jin daɗi sosai in ka tsaya muna hira ba ka yi sauri ba, jikina ya fi sakewa. Tun da na haihu sai na ɗauki lokaci." Wannan ba zargi ba ne, kuma gaskiya ne. Kalma irin "ba ka iya ba" ko "ba ka gamsar da ni" kar ta fito daga bakinki ko da wasa, namiji yakan riƙe ta shekara da shekaru.

Na san abin da ke tsorata matanmu a nan: kar ya juyo ya ce, a ina kika koyo? Tsoro ne mai tushe, an sha ganin auren da ya girgiza a kan haka. Shi ya sa nake cewa ki tafi a hankali, ki nemi lokaci da tausasawa da kulawa, kar ki kwaso salon littafi ki sauke masa a dare ɗaya. Wasu abubuwan da ake rubutawa a ciki ma daga fina-finan batsa na ƙetare aka kwafo su, ba su da alaƙa da yadda jikin mutum yake, wasu kuma shari'a ta hana su ƙarara, kamar kusantar mace a lokacin haila ko ta dubura. In ya tambaya, kina da amsar gaskiya: shekara bakwai kina zaune da shi, kin san jikinki, kin kuma nemi sani a kan haƙƙin ma'aurata. Don amsar ta ƙara tabbata, ki nemi sanin da gaske. Ki samu malamar Islamiyya mai kamun kai ki tambaye ta babin zamantakewar aure, za ki sha mamakin yadda malaman fiƙihu suka yi bayanin waɗannan abubuwa ba tare da batsa ba.

Game da ko ki gaya masa kin karanta littafin, ni ban ga dalili ba. Abin da Allah ya suturta ki a kai, ki suturta kanki, hadisi ya yi gargaɗi a kan mai kwana Allah ya rufa masa asiri ya wayi gari yana tona wa kansa. Ba amanarsa kika ci da wani ba, kuma faɗin zai iya dasa masa zargin da zai fi laifin girma. Ke kika san mijinki fiye da ni. In mutum ne da kuke irin wannan hira, ko ya gani ya tambaye ki kai tsaye, kar ki rantse a kan ƙarya. Ki ce an saka ki a wani zaure, kin karanta, kin ga bai dace ba kin fita. Amma kar ki miƙa masa littafin wai don ya koya. Zai karanta siffar wata mace dalla-dalla, zai kuma ga mutumin da kike auna shi da shi, babu alheri a ɗayan biyun.

Idan kuma kin gwada sau da yawa cikin lalama ya toshe kunne, ko ya mayar da abin faɗa, to ba ki da laifi in kin nemi wanda zai sa baki. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, wanda shi ma yake ganin girmansa, ko ku je wurin likita tare. Neman fatawa ko magani daban yake da baza sirrin shimfiɗa, wanda Manzon Allah (SAW) ya yi kakkausan gargaɗi a kansa. Zauren WhatsApp ba wurin kai wannan kuka ba ne, ko da an ce duk matan aure ne a ciki. Ba ki san wa ke bayan kowace lamba ba, kuma abin da aka rubuta ana ɗaukar hotonsa.

Littafin, shawarata ki bar shi. Na san akwai mai cewa ki riƙa tsallake wuraren, kuma da littafi ne mai shafi ɗaya ko biyu irin haka, da sai in ce ki gwada. Wannan kuwa, yadda kika siffanta shi, daga tsakiya abin ya zama shi ne jigon, kuma da wuya mutum shi kaɗai da tsakar dare ya tsallake abin da ya riga ya san yana jan sa. In ƙarshen labarin ne ke cin ranki, ki ce ƙawarki ta gaya miki a taƙaice yadda marainiyar ta ƙare. Dubu ɗayan ta riga ta tafi, kar ki bi ta da dararenki. Ki fita daga zauren, ki goge hirar, sannan ki shiga ma'ajiyar wayar ki goge takardu da sautukan da suka sauka, domin fita daga zaure ba ya share su. Ki kashe saukar da kaya kai tsaye a WhatsApp, ki kuma gyara saitin da ke hana a saka ki a zaure ba da izininki ba. In wata rana kin zame kin koma, ki tashi ki sake gogewa, kar ki ce shi ke nan tunda na karya.

Ban ce ki daina karatu ba. Mace mai wuni da yara, miji ba ya dawowa sai dare, tana buƙatar abin da zai ɗebe mata kewa, kuma akwai marubuta mata da maza masu rubuta soyayya mai ratsa zuciya ba tare da sun yaye labule ba. Kafin ki biya, ki tambayi wadda ta karanta har ƙarshe. In kika ga an rubuta a farko wai littafin na matan aure ne zalla, ki san yawanci talla ce, ita ce ma ke jawo 'yan mata. Ƙawarki kuma kar ki yi mata wa'azi, kar ki yanke ta. Mai yiwuwa abin da ya kai ki shi ya kai ta. Ki ce mata, "Ni dai abin ya fara taɓa zamana da maigida, na fita, in kin samu mai tsabta ki turo mini." Ta yiwu ita ma jira take wani ya fara faɗa.

Ƙanwarki ce ba na so ki jinkirta a kanta. Ki sa wa wayarki makulli yau, in za ta yi amfani da ita ta yi a gabanki. Amma makulli kaɗai ba zai wadatar ba, domin yarinya 'yar shekara 15 tana da ƙawaye a makaranta da Islamiyya, kuma waɗannan shafuka suna yawo a tsakaninsu. Ki ɗauka ta riga ta gani, a wayarki ko a wata. Ki zaunar da ita kuna aikin gida, ba da tsawa ba, ki tambaye ta irin littattafan da ƙawayenta ke karantawa, ki bar ta ta yi magana. In ta amsa cewa ta gani, kar ki dake ta, kar ki kai ƙararta gida, in kika yi haka ba za ta sake gaya miki komai ba. Ki faɗa mata abin da ke ba a faɗa miki ba: cewa abin da take ji a jikinta na girma ne ba na lalacewa ba, cewa akwai lokacinsa da wurinsa, cewa namijin da ke sa mace kuka da ciwo ba sonta yake yi ba komai kuɗinsa, kuma duk wanda ya turo mata irin wannan rubutu ko hoto, ko ya taɓa ta yadda ba ta so, ta zo ta gaya wa Addarta ba tare da tsoro ba.

In kin yi magana da maigida abin bai tafi yadda kike fata ba, ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da kika ce da abin da ya ce, sai mu duba mataki na gaba tare. Allah ya sanya natsuwa a zuciyarki, ya daidaita tsakaninku, ya raya muku zuri'a.